Auduga a Kunnen Baba

Akwai abin da mutum yake aikatawa, shekaru su wuce har ya fara shakkar ko shi ya yi. Wannan ba ya cikinsu. Ko tsufa ya cinye mini hankali har na koma kiran jikokina da sunan awaki, ranar da na tura wa mahaifina auduga a kunne na ajiye shi gaban mutanen ƙasashe ba za ta goge ba. Yanzu in na ba da labarin dariya ake yi, ni ma ina tayawa. Amma akwai inda dariyar take yanke mini, in mun kai wurin za ku gane.

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, a nan Damagaram, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina da zafin rai. Yara sun san ni, iyayensu ma sun san ni. Babana kuwa manomi ne a wani ƙauye can ƙasar Dogo, mutumin da bai taɓa kwana uku a birni ba sai ya fara tambayar motar komawa. Wata shekara bayan an gama kai hatsi rumbu, hawan jini ya kayar da shi. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, maganarsa ta sarƙe, sai kalma ɗaya ɗaya take fitowa, ita ma da ƙyar. Da aka sallame shi daga asibiti na kawo shi gidana a unguwar Birni, tare da ƙanwarsa Goggo da ta biyo shi jinya. Goggo mace ce mai kirki, sai dai ba ta san magana a hankali ba. Ko gishiri take tambaya, maƙwabta sai sun ji.

Likita ya faɗa mini gaskiya ba kwana-kwana. Ya ce ƙafar za ta dawo in Allah ya so, hannun ne abin damuwa. Watannin farko su ne na aiki, in ba a motsa shi a cikinsu ba zai sandare, kuma abin da ya sandare da wuya ya sake buɗewa. Aka haɗa mu da mai motsa gaɓoɓi, wanda muke kira kine, yana zuwa gida. To amma ina! Da ya ga mutumin ya shigo, sai Baba ya juya fuska bango ya yi kamar ba shi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne abinci. Baba ya ƙi ci da hagu. Mutumin da ya sha buge mana hannu muna yara don mun miƙa hagu cikin akushi, yaya za a yi shi ya ci da ita? In kuma an ba shi a baki, loma biyu yake karɓa ya rufe baki gam, idonsa ya cika da ƙwalla. Fura kaɗai yake kurɓa. Ina kallo yana ramewa, rigunansa suna yi masa yawa.

Ana cikin haka wata abokiyar aikina ta turo mini labarin wata formasiyo, wato horo, ta intanet, da Faransanci, kan yadda ake taimaka wa marasa lafiya da kiɗa da sauti. Na ce me zai hana, wanda ruwa ya ci ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Na yi rajista a salulata. Mai koyarwar wata dattijuwa ce daga can ƙetaren teku, mai farin gashi da tabarau, tana magana sannu sannu kamar mai lallashin jariri. Madam muke ce mata. Duk ranar Asabar da la'asar muna haɗuwa kai tsaye, fuskokinmu jere a allon salula ƙanana ƙanana, daga ƙasashe daban daban. Ta ba mu tarin sautuka na kwantar da hankali mu fara da su, don a cewarta sai jiki ya saki kafin ya yarda da motsi. Kowane mako kuma akwai takardar jin ra'ayi da za mu cika: mu ba darasin taurari daga ɗaya zuwa biyar, mu rubuta abin da muka gwada da abin da ya faru, sannan akwai wani babban fili na abin da bai yi ba. Tsakani da Allah, matar nan ta faɗa ta sake faɗa. Ta ce ba ta ganin majinyatanmu, mu ne idonta, duk abin da bai yi aiki ba mu gaya mata a canza.

Na ji, amma jin kunne. Ni da na tashi a makarantar allo, na wuce lakwal inda mushe, wato malami, zai ce kun gane, mu amsa baki ɗaya mun gane, alhali ko hanyar ganewar ba mu kama ba? A wurinmu ka ce wa malami karatunsa bai yi ba, daidai yake da ka je baƙunci ka ce wa matar gida tuwonta da gudaji. Haɗiyewa kake yi, ka ce an gode, Allah ya ƙara buɗi. Balle wannan, dattijuwa sa'ar uwata, tana koya mini abin da ban sani ba. Tun kafin in gwada komai na riga na san taurari nawa zan ba ta.

Makon farko kukan tsuntsaye ne. Madam ta ce babu abin da yake sanyaya zuciya kamarsa. Na share ɗakin Baba, na turara shi, na gyara masa matashi, na ajiye 'yar lasifika kusa da kansa na kunna. Tsuntsaye suka fara, ɗaya, biyu, can sai garke guda. Na ga idon Baba ya buɗe tar. Na ce alhamdulillahi, magani ya fara shiga. Ban rufe baki ba ya wawuri kwanon sha da hannun hagu ya shiga buga shi a ƙarfen gado, ƙwal ƙwal ƙwal, yana gurnani, jijiyoyin wuyansa duk sun tashi. Goggo ta shigo a guje, ta tsaya ta saurara, ta dafe ƙirji ta ce jan-baki ne suka shigo gari? Sai a lokacin na tuna. Ga wanda ya yi shekara sittin yana noman hatsi, garken tsuntsaye ba waƙa ba ce, yunwa ce take tahowa da fukafukai. Baba korar su yake yi daga gonarsa.

Da na zo cika takarda, na rubuta cewa mahaifina ya nuna kuzarin da bai taɓa nunawa ba tun da ya kwanta, har ya shiga cikin kiɗan da kansa da wani abin bugawa na gargajiya. Taurari biyar. Filin abin da bai yi ba na rubuta babu. Madam ta amsa da murna, ta ce tunda yana son tsuntsaye haka, in ƙara masa lokaci, safe da yamma.

Kuma na ƙara, wannan shi ne abin da har yau nake mamakin kaina. Na ce a raina ai kowane magani da ɗaci yake farawa. Matar da ta yi karatun abin nan har gashinta ya yi fari, ita ce ba ta sani ba sai ni? Laifin taurin kan Baba ne. Safe da yamma ina sakar masa jan-baki a ɗaki, shi kuma yana kare hatsinsa da kwano, har kwanon ya lotse.

Mako na biyu aka ba mu ƙarar ruwa mai gudana. Wanda bai zauna Damagaram ba ba zai gane abin da na jawo ba. A unguwarmu pampo yana iya yin kwanaki bai ce uffan ba, kunnen kowa a kansa yake. Na kunna ruwan Madam da hantsi, na ƙure sauti don Baba ya ji da kyau. Kafin in ƙirga goma Goggo ta fito da bido biyu, jarkokin ruwa, tana shelar ruwa ya zo. Maƙwabciyarmu ta ji ta kan katanga ta ɗauka, ta gaba da ita ma ta ɗauka. Sai ga mata a tsakar gidana da bokitai da bidoji, suna layi gaban busasshen pampo, wata har ta fara faɗa kan wa ta riga wa. Da na fito na ce musu ruwan a cikin salula yake, wata tsohuwa ta dube ni sama da ƙasa ta ce to a tsiyayo mata nata ta tafi. Abin da ya faru da shimfiɗar Baba a ranar kuwa ba zan faɗa ba, uba uba ne.

A takarda na rubuta cewa sautin ya yi tasiri har ga al'ummar unguwa, waɗanda suka taru da kansu don su amfana. Taurari biyar.

Sarewa ta zo a mako na uku, ita ba ta daɗe ba. Baba ya ji ta sau ɗaya ya ɗauka makiyaya ne suka doso gona da shanu, ya yunƙura zai tashi ya kusa faɗowa daga gado. Na kashe, na koma wa tsuntsaye, don su aƙalla a kwance yake yaƙar su. Zuwa lokacin Baba ya tsane ni. Da ya ji takuna sai ya laluba kwanonsa. Kine ya zo ya tafi, ya zo ya tafi, ya ce mini tsohon nan kullum a fusace yake samunsa, ko taɓa hannun ba ya bari a yi. Na ɓoye masa batun tsuntsaye. Na dai lura yatsun sun fara lanƙwashewa cikin tafin hannun, na kawar da kai.

A can intanet kuwa na zama tauraruwa. Madam ta fara karanta ra'ayoyina a gaban aji, tana cewa ku ji abin da ake yi a Nijar. Su kuma sauran suna tafa mini da 'yan hannayen nan na allo. Kai, yabo yana da daɗi, kada wani ya ruɗe ku. Duk mako sai na ƙara gishiri. Na ce Baba yana murmushi. Na ce yana barci kamar jariri. Har na ce ya fara kaɗa yatsa yana bin sautin, wannan kuwa da na rubuta ta sai da gabana ya faɗi. Maigidana ya leƙa abin da nake rubutawa wata rana, ya yi dariya ya ce ramin ƙarya dai ƙurarre ne. Na ce masa in ba zai taimaka ba ya ja bakinsa, ya kuwa ja.

A mako na biyar ramin ya ƙure. Madam ta turo mini saƙo ni kaɗai, cike da ladabi. Ta ce abin da nake samu ya burge ta ƙwarai, tana roƙon in Baba ya yarda, ranar Asabar in nuna wa aji zaman namu kai tsaye, su ga yadda tsuntsaye suke kwantar da shi. Na karanta sau uku. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce Madam, ki yafe ni, ga gaskiya. Ni kuwa na amsa cewa wannan babbar karramawa ce gare ni da iyalina.

Kwana biyu ina saƙa da warwara. Na yi tunanin in ce rezo, wato sabis ɗin intanet, ya ɗauke, amma za ta ce a ɗaga zuwa wani mako. Na yi tunanin in kashe sautin, to ai dole su ji tsuntsayen ta salulata. Ina cikin goge wa Baba wurin allura da auduga dabarar ta faɗo mini, har na ji ina alfahari da kaina. In Baba bai ji tsuntsaye ba, ai ba shi da abokin faɗa.

Ranar Asabar bayan azahar na fara shiri. Goggo na fara kawarwa, don na san bakinta. Na aike ta kasuwa da jerin kayan miya mai tsawo, na ce daddawar ma sai ta wurin wata mata da ke can ƙarshen kasuwa, wadda ni kaina ban tabbata tana nan ba. Na sa wa Baba farar rigarsa ta Juma'a. Na ce masa likita ya ce iska tana shiga kunnensa, dole a toshe. Ya harare ni amma ya bari. Na cusa auduga dama da hagu, na danna da ɗan yatsa, na kawo hular sanyi na ja ta har ta rufe kunnuwan. Na tafa hannu a bayansa, ko gezau. Kwanon kuma na ɓoye shi ƙarƙashin gado. Na jingina salula a kan kujera, na ɗaura ɗankwalina mai kyau, na zauna ina murmushin malamai.

Da farko abin ya tafi kamar a mafarki. Madam ta gabatar da ni, na gaishe da aji, na kunna tsuntsaye. Suka cika ɗaki da ihu. Baba yana kwance, hannu a ƙirji, yana kallon rufi, bai san duniyar da ake ciki ba. Can ma sai ya fara gyangyaɗi. Madam ta rage murya tana nuna wa ɗalibai yadda numfashinsa ya daidaita, yadda kafaɗunsa suka saki. Na ga wasu suna rubutawa a kaye, littafinsu na rubutu. Wata mata har ta share ƙwalla. Ni kuma na ɗauki bayani, ina cewa a hankali ake yi, sai da haƙuri, sai da sanin halin majinyaci.

Sai na ji sallamar Goggo a zaure.

Ashe ta samu ɗan kabu-kabu tun daga bakin titi, matar daddawar da na ƙirƙiro kuma tana nan zaune kamar jiran ta take. Ta shigo ɗakin da ledoji, ba ta ko lura da salula ba. Ta ce sannu Yaya, ya jiki? Shiru. Ta ƙara murya, kuma kun san muryar. Shiru. Na shiga yi mata alama da ido, da hannu, da ƙafa, ta ɗauka kuka nake shirin yi. Ta saki ledojin, tumatir ya watse, ta fara salati tana girgiza shi. Baba ya buɗe ido a firgice yana kallon bakinta yana motsi. Ta ce ya kurumce, ciwon ya tafi da kunnen! Ta fizge hular don ta duba. Ta ga fari a kunne. Ta sa yatsu biyu ta jawo, audugar ta biyo ta doguwa, ba ta ƙarewa, don ban yi rowa ba wurin cusawa. Ta ɗaga ta sama, daidai saitin salula, ta juyo ta ce, "Ke, wane maras tsoron Allah ne ya toshe wa Yaya kunne?"

Ta zare ta biyun. Jan-baki suka afka wa Baba gaba ɗaya.

Ya laluba kwano babu. Ya wawuri abin da hannunsa ya samu, ludayin fura ne, ya shiga dukan gado, furar tana fantsama har kan ɗankwalina. Ya buɗe baki ya ce "Hatsi! Hatsi!" da ƙarfin da ban ji daga gare shi ba tun da ya kwanta. Goggo ta ɗauki murfin tukunya tana taya shi, wai don hankalinsa ya kwanta ya ga ba shi kaɗai ba ne a gonar. Ni kuma na rikice, maimakon in kashe sai na ƙara sauti. Daga ƙarshe Baba ya auna inda tsuntsayen suke fitowa ya jefa ludayin, ya sami lasifikar, ita kuma ta ture salula. Mutanen ƙasashe suka koma kallon ƙarƙashin gado, inda lotsattsen kwano yake zaune.

Da na ɗago salular, babu wanda ya fita daga ajin. Wasu sun rufe baki da hannu, wani mutum ya kife kai a tebur kafaɗunsa suna girgiza. Madam kaɗai ce ba ta dariya. Ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta tambaye ni a hankali me kalmar da yake faɗa take nufi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na faɗi komai, tsuntsaye, pampo, sarewa, kwano, har yatsan da na ce yana kaɗawa. Na ce a wurinmu ba a gaya wa malami karatunsa bai yi ba, girmamawa ce. Sai Madam ta ce, "Ni kin ba ni kunya ta yini ɗaya, zan warke. Shi kuma mako biyar kika ɗauke masa."

Ban taɓa jin magana mai laushi ta dake ni haka ba.

Ba ta bar ni a nan ba. Ta ce mu bar abin da ya wuce, mutumin da sauti yake tayar wa hankali haka, sauti zai iya tayar masa da hannu. Ta ce in tambayi wannan baiwar Allah mai murfin tukunya, me Baba yake ji a lokacin da yake da ƙarfinsa, lokacin da jikinsa yake aiki yana jin daɗi? Na fassara wa Goggo. Ta dube ni kamar na tambaye ta ko rana tana fitowa daga gabas. Ta ce gangar noma mana. Ta ce a zamaninsu in an kira gayya, aka jera samari da hauya a bakin gona, Yaya yana da takensa shi kaɗai, da makaɗi ya buga shi sai dai na baya su ci ƙura. Ni 'yarsa, mai takardun lakwal, ban taɓa sanin Baba yana da take ba. Ban taɓa tambaya ba.

Goggo ta kife ƙwarya a kan tabarma ta ɗauki ludayin. Ta yi gyaran murya, ta fara bugawa, da farko tana kuskure tana tsaki, can hannunta ya tuna. Ta ɗora masa kirarinsa, mai hana rana hutu, gaba dai, gaba dai. Baba ya daina huci. Ya juyo da kai. Hannun hagu ya dunƙule kamar ya riƙe ƙotar hauya, ya fara turawa gaba yana dawowa, daidai da kiɗan. Muna kallo sai kafaɗar dama ta ɗaga. Ta sauka, ta sake ɗagawa. Gwiwar hannun ta ja baya kaɗan a kan zanen gado, abin da bai fi faɗin tafin hannu ba, amma ta ja. Goggo tana kiɗa tana kuka, majina da hawaye, ba ta fasa kirari ba. Ni dai na durƙusa cikin tumatir, ban san lokacin da na saki salular ba.

A makon nan na cika takardar jin ra'ayi ta gaskiya ta farko a rayuwata. Filin abin da bai yi ba bai ishe ni ba, sai da na ƙara da saƙo. Na ba tsuntsaye tauraro ɗaya, shi ma don babu wurin sifili. Abin mamaki, Asabar ta gaba sai ga wasu suna fitowa da nasu. Mutumin nan da ya kife kai a tebur ya ce tun makon farko mahaifiyarsa ta ce in ya sake kunna mata ƙarar teku za ta koma gidan 'yarta, shi ma biyar biyar yake ta bayarwa. Madam ta riƙe kai tana dariya, ta ce ashe aji guda na masu ladabi ta tara. Daga baya ta sake tsarin darasin farko gaba ɗaya, ya zama ba a kunna wa majinyaci komai sai an zauna da tsofaffin gidansu an tambaya.

Mu kuma muka aika ƙauye aka zo da tsohon makaɗin da yake buga wa Baba a gayya, ya rage haƙori uku a bakinsa amma hannunsa yana nan. Aka yanko wa Baba sanda mai tsawon ƙotar hauya. In kine ya zo, makaɗi ya zauna bakin ƙofa ya buga, Baba ya kama sanda da hannu biyu ya yi ta noman iska yana gumi, kine yana gyara masa kafaɗa. Maƙwabta suka sake taruwa, wannan karon ba bido. Wata biyu da wani abu bayan haka, ranar wata Laraba da rana, Baba ya sa hannun dama cikin akushi ya yanko tuwo. Rabin lomar ta zube a rigarsa, rabi ta isa baki. Ya hana kowa ya taimaka, ya cinye abinsa tas.

Da yatsu uku ya ci. Babban yatsa, manuni da na tsakiya sun buɗe. Ƙaramin da na kusa da shi sun riga sun lanƙwashe cikin tafin hannun, ba ganga ba kine, babu abin da ya buɗe su. Na taɓa tare likita a bakin ofishinsa na tambaye shi, da an fara motsa hannun mako biyar kafin lokacin da aka fara, da su ma sun buɗe? Ya ce wannan sanin sai Allah. Na tsaya ina jira ya ce a'a, bai ce ba.

Baba ya yi shekara huɗu a gidana kafin Allah ya karɓi abinsa, kuma ni nake wanke masa hannu bayan kowane cin abinci. Sai na ɗaga yatsun nan biyu a hankali in sa ruwa a ƙarƙashinsu, don tuwo yana maƙalewa a wurin. Bai taɓa ce mini komai a kai ba, ban ma san ko ya haɗa lissafin ba. Ni na haɗa. Abin da na koya shi ne, in wanda yake son ya taimake ka ya tambaye ka yaya abin ya tafi, faɗin gaskiya shi ne ladabin. Na ji nauyin matar da ban taɓa haɗuwa da ita ido da ido ba, na ƙi ɓata mata rai na minti ɗaya, kuma ba ni na biya ba, hannun Baba ne ya biya.